Anti, muryar maigidana sai tsinkewa take yi

Assalamu alaikum Anti. Maigidana yana karatu a Ingila, shekara guda ke nan. Kullum bayan isha'i yake kira ta WhatsApp, amma da mun fara gaisawa sai muryarsa ta riƙa tsinkewa, amsata kuma ba ta isa gare shi sai ya shiga wata maganar. Jiya Hajiyarsa ta kara wayar a kunne tana ta "Na'am? Na'am?" har idonta ya kawo ruwa, ta miƙo min ba ta ji komai ba. Shi kuma ya fara ganin kamar hankalina ba ya wurinsa. Rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba wayfai, gare mu a falo, mu bakwai a kanta, har da ƙannensa biyu da ba sa sauka daga TikTok. In canza layi ne?

Maman Khalifa, Tarauni

Wa alaikumus salam ƙanwata. Hawayen Hajiya ya taɓa ni, amma kada ki yi gaggawar canza layi. Kiran murya ba ya cin data sosai, jira ne ba ya jurewa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) kafin ta isa kunnen mai sauraro. Bidiyo yakan tara na gaba ya ajiye, shi ya sa ƙannen ba sa ganin matsala. Murya kuwa ma'ajiyarta 'yar ƙarama ce, ta makara ta lalace.

Inda aka fi cutar ki shi ne ta wajen aikawa, don hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci. Mutum ɗaya ya ɗora bidiyon biki a status, sai muryarki ta bi layi a bayansa kamar mai a daidaita sahu a cunkoson Kantin Kwari.

Juya rautar, za ki ga adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 da kalmar sirri. Ki shiga ta burauza, ki nemi QoS, wato tsarin fifita wata na'ura, ki sa wayarki a gaba. Ba kowace rauta ke da shi ba. In taki ba ta da shi, ko abin ya rikice miki, masu gyara a Farm Centre za su duba miki. In rautar tana da wayfai iri biyu, 2.4GHz da 5GHz, ki hau 5GHz ɗin ki zauna kusa da ita, don ba ya ratsa bango kamar 2.4GHz. Mai sim ce? Ɗora ta sama kusa da taga. A cikin WhatsApp ma akwai wurin rage datar kira, ki kunna.

Ki rubuta wa Abban Khalifa wannan bayani yau, zargin nan ya fi damuna da rautar. Sannan ki roƙi Hajiya ita da bakinta ta ce wa ƙannen su sauka daga wayfai na minti 20 in an idar da isha'i. Ke kika faɗa zai zama magana, ita ba mai musa mata.