Amsa ga 'yar'uwar da aka ɗage wa mahaifiyarta kemo

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na ga tambayarki: Hajiya na fama da sankarar mama, an yi mata kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) sau biyu, da kuka koma karo na uku likita ya ce jininta ya yi ƙasa, ku dawo bayan mako guda. Ga bakinta ya fashe ba ta iya cin abinci, dangi kuma sun fara cewa maganin asibitin ne ke ƙarasa ta, gara a mayar da ita gida a nemi na gargajiya. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ce. Ni na yi jinyar yayata a kan wannan ciwon tun daga ɗibar tsoka don gwaji har zuwa gashin ciwon da na'ura, kuma duk abin da kika lissafa ya same mu.

Ɗagewar nan kada ta karya miki zuciya. Ba alama ce ta cewa ciwon ya fi ƙarfin magani ba. Kemo yana bin duk ƙwayar halittar da ke saurin hayayyafa, ba ya tantance ta sankara da ta lafiya. Ɓargo, inda jiki ke haɗa jini, yana cikin masu saurin, haka fatar cikin baki da saiwar gashin kai. Kin ga ke nan ƙarancin jinin da gyambon bakin da zubewar gashin duk tushensu ɗaya. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, sukan fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, sannan su fara farfaɗowa, shi ya sa ake yawan ba da tazarar mako uku. Ɓargon wani ya fi na wani jinkiri. Likitan da ya duba takardar gwaji ya ce yau ba zai sa ba, ni a wurina ya yi aikinsa.

Idan kun koma, ki tambaye shi wane ɓangaren jinin ne ya sauka. Idan PCV ne, wato ma'aunin jajayen ƙwayoyin jini, wataƙila za a buƙaci ƙarin jini, to tun yanzu ki yi magana da samarin gidanku a san rukunin jininsu, kada sai dare ya tsala ku fara neman mai bayarwa. Idan fararen ne, akwai allurar filgrastim da ke taimaka wa ɓargo. Tana da tsada, tana kuma sa ciwon ƙashi, amma ita ta sa Yaya ta daina tsallake ranakunta. Wani lokacin rage yawan maganin kawai ake yi.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba ya cikin tambayarki, wato zazzaɓi. Mun saba da zarar jiki ya yi zafi mu ce maleriya ce, a aiki yaro kemis. Ga mai kemo wannan al'adar tana kisa. Sojojin jikinta sun yi ƙaranci, ƙwayar cutar da ke da ni za mu kwana da ita mu tashi garau tana iya shiga jininta ta kayar da ita cikin 'yan sa'o'i. Ki sayi ma'aunin zafin jiki yau ɗin nan, ba shi da tsada. In ya nuna 38 ko sama, ko ta fara rawar ɗari, ko numfashinta ya sauya, ko kika ga tana magana ba kan gado, ku tafi sashen gaggawa ko da ƙarfe biyun dare ne. Kada ki ba ta farasitamol kafin ki auna, zai ɓoye zafin ki zaci an samu sauƙi. Da kun isa, kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce tana kan kemo, ga ranar da aka sa mata na ƙarshe, domin irinta ana son a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'a guda, ba a bar ta kan layi ba. A gwada maleriya, ƙwarai, amma a can. Daren da ya faru da Yaya da ƙafarta ta shiga mota, kafin mu isa sai da aka tallabe ta. A makon da jinin ke ƙasa ki rage 'yan dubiya, musamman mai mura ko tari. Za a ji haushinki, ki ba da haƙuri ki tsaya kan bakanki.

Baki kuwa, ta riƙa kuskurewa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a yini. A ajiye yaji da tsami da abu mai zafi. Kunun gyaɗa da ya huce, faten dankali, dafaffen ƙwai, romo marar barkono, kaɗan-kaɗan ko da cokali uku ne. In kin ga fari-fari a harshenta ki nuna wa likita, akwai maganinsa. Aspirin da diclofenac da ibuprofen kada ta sha sai da izininsa, suna iya jawo zubar jini. Idan tana da ciwon sukari a riƙa aunawa, don dexamethasone da ake haɗawa da kemo yana ɗaga shi.

Maganar dangi ita ce mai nauyi, na sani, don ba ƙiyayya ke sa su faɗa ba, tausayi ne. Addu'a da sadaka da ruwan zamzam babu likitan da zai hana. Jiƙe-jiƙen saiwoyi ne matsalar: hanta da ƙoda su ke tace kemo, in aka ɗora musu wani nauyin gwajinsu ya lalace, sai a sake ɗagewa. Tsaga da ƙaho da shafa wani abu a kan maman kuwa, don Allah kada ki bari. A ɗakin da muka kwanta na ga matan da suka yanke magani a tsakiya, suka dawo bayan watanni da gyambon da ya riga ya buɗe, ciwon ya kai ƙashi ko huhu. Abin da ya yi mana aiki shi ne ɗaukar kawunmu da ya fi kowa zafi a kan maganar, muka kai shi gaban likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Daga ranar shi ke kare mu a gida.

Akwai wasu tsaikon a gaba, gara ki sani. Kuɗi na iya yankewa. Ki je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinku ki tambayi asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Gombe da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Na'urar gashi ma takan lalace, mu sai da muka canza gari saboda haka. Ki riƙe kwafin kowane sakamako a jaka ɗaya, musamman na tsokar da aka ɗiba da hotuna, don in ta kama a tura ku wani wuri kada ku fara daga farko.

Hajiya kuma za ta yi ranakun da za ta ce ta gaji, a ƙyale ta. Kada ki yi mata wa'azi a lokacin, ki zauna kusa da ita, ki bari sai ta ɗan samu barci kafin a sake maganar. Ke ma ki nemi wadda za ku riƙa karɓa-karɓa, jinyar nan doguwa ce. Kwana ɗaya kafin ranar komawarku ku maimaita gwajin jinin in likita ya amince, sai ku shiga wurinsa da sakamakon a hannu.