Mijina fasto yana jinyar ajali a Ingila, bizarmu kuma a jikin tasa ta rataya

Wata baiwar Allah ta rubuto mini, na taƙaita wasiƙarta kamar haka:

"Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, Baba. Ni matar fasto ce daga ƙasar Katsina. Shekara huɗu da wata biyu ke nan da wata ikilisiya a arewacin Ingila ta ɗauko mijina aikin bishara, na biyo shi da yara biyu, autar kuma a nan na haife ta. Shekara biyu yana fama da ciwon daji. An yi aiki, an yi magani, yanzu likitoci sun ce sai dai a rage masa zafi, lissafin watanni suke yi. Ina aikin kula da tsofaffi kwana uku a mako. Wani ɗan ƙasarmu ya ce in kawo fam 11,000 ya samo mini bizar kaina kafin abin ya faru. Yayan mijina kuma ya ce mu kawo shi gida a yi masa addu'a, a haɗa da na gargajiya, in ta Allah ta kasance kuwa, gawa sai a ƙauye. Da na yi maganar takardu sai ya ce na binne ƙanensa da ransa. Kunya ta hana ni tambayar dattawan ikilisiya. Me zan yi?"

Mama, sannu da jinya. Ubangiji ya sassauta wa Fasto, ya ƙarfafa ki da yaran.

Bari in fara zare miki ƙayar da yayan mijinki ya soka miki, don ita ce ta ɗaure miki baki. Ke matar fasto ce, kin fi ni sanin labarin sarki Hezekiya. Da ya kwanta ciwo, annabi Ishaya ne da kansa ya zo ya ce masa ya kintsa gidansa. Bayan haka ne Allah ya ƙara masa shekara 15. Ashe kintsa gida bai hana warkewa ba, kuma ba maƙiyi aka aiko da saƙon ba. Wanda yake ƙauye yana bugo waya yana auna bangaskiyarki, ba shi ke juya maras lafiya da tsakar dare ba, ba kuma ƙofarsa wasiƙar Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, za ta faɗo ba.

Ga inda kike tsaye. Bizarki da ta yara reshe ne, bizar Fasto ta malamin addini ita ce gindin. Muddin yana da rai kuma ikilisiya ba ta janye ɗaukar nauyinsa ba, kuna nan daram. Dokar da ta ce a daina ɗaukar nauyin ma'aikacin da ya yi fiye da mako huɗu ba aiki ba albashi ta ware hutun rashin lafiya, saboda haka kwanciyarsa kaɗai ba ta kashe bizar. Amma ranar da ya rasu, wajibi ne ikilisiya ta sanar cikin kwanakin aiki 10, kuma Home Office na da ikon rage muku wa'adi. Abin da aka saba shi ne kwana 60 daga wasiƙarsu. Za ki ji wasu a bakin majami'a suna cewa ai akwai izinin zama na dindindin ga wadda mijinta ya mutu. Akwai, amma na wadda ta zauna a matsayin matar ɗan ƙasa ne ko matar wanda ya riga ya zama mazaunin dindindin. Matar mai bizar aiki ba ta ciki. Duk kuma wanda ya ce miki a ɓoye rasuwar har biza ta ƙare, ki rabu da shi. Ana rajistar mutuwa cikin kwana biyar a Ingila, ba abin da zai ɓoyu.

Yanzu ki dubi kalanda. Wata goma ya rage ku cika shekara biyar, kuma ana iya shigar da neman ILR, wato izinin zama na dindindin, kwana 28 kafin cikar. Ba ni da ikon cewa Fasto zai kai, likitocin ma ƙiyasi suke yi. Amma idan Ubangiji ya kai shi, kada ranar ta same ku ba shiri. Ana buƙatar ikilisiya ta tabbatar a rubuce cewa har yanzu tana buƙatarsa kuma tana biyansa, wannan kuwa magana ce mai nauyi ga mutumin da ke kwance, sai lauya ya duba yadda za a faɗi gaskiya a kanta. Shi likita na iya cike masa takardar yafe jarrabawa saboda ciwo mai tsawo. Ke ba a yafe miki ba. Jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya tambaya 24 ce, ki ci 18, kuɗinta fam 50. Ki yi ta tun yanzu da hankalinki yake jikinki. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: haihuwa a Ingila kaɗai ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa tun 1983, amma idan uba ko uwa ta samu ILR, yaron da aka haifa a ƙasar yana da haƙƙin a yi masa rajista. Autarki ke nan. Uwar 'yar ƙasa kuwa tsayuwarta a gaban hukuma daban ce. A 2025 gwamnati ta bayyana niyyar tsawaita wa'adin nan na shekara biyar, don haka ki sa lauya ya duba dokar da ke aiki a ranar da za ku nema.

Kuɗin ILR ya haura fam 3,000 a kan kowane mutum. Ke da Fasto da manyan yara biyu, ya wuce 12,000. Kin ga kusan daidai da abin da ɗan ƙasarku yake so ki damƙa masa.

To bari mu zo kansa. Ba a sayar da takardar ɗaukar nauyi, wadda da ita ake neman bizar aiki. Mai ɗaukar aiki ne ke bayar da ita ga wanda ya ɗauka, kuma haramun ne a ɗora wa ma'aikaci kuɗinta. Na zauna da wata mata da ta sayar da filinta na gado ta ba irin wannan mutumin. Takardar ta fito kuwa, biza ta fito, ta je adireshin ta tarar ba aikin. Bayan 'yan watanni aka soke lasisin kamfanin na ɗaukar nauyin ma'aikata 'yan waje, wasiƙar kwana 60 ta zo mata, lambar dillalin ta daina shiga. Wata kuma takardar ma ta jabu ce, aka rubuta mata yaudara a fayil, abin da kan jawo haramcin shekara 10. Ba su kaɗai ba ne: gwamnati da bakinta ta ce ta soke lasisi fiye da 470 a fannin kula da tsofaffi tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024. Abin da ya fi ba ni haushi da waɗannan mutane, sun san gidan da ake jinya, can suke kai ziyara, su yi addu'a mai tsawo, a bakin ƙofa su kawo maganar. Ki tambaye shi lambar rajistarsa. Ba da shawarar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a Birtaniya. Sunan mai rajista yana shafin IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da irin wannan shawara, wadda a da ake kira OISC, na lauyoyi kuma yana wurin SRA, hukumar kula da lauyoyi. In ya fara cewa ai mu 'yan gida ne, ki yi masa sai anjima.

Abin da yake so ya sayar miki, wataƙila yana hannunki kyauta. An rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje a Yulin 2025, amma an bar ƙofa har 2028 ga wanda ke cikin ƙasa kuma ya yi aƙalla wata uku yana aiki bisa doka a wurin mai lasisi. Ki tambayi shugabar wurin aikinki kai tsaye ko suna da lasisi, kuma ko za su ɗauki nauyinki in hali ya yi. Kwana uku a mako ba zai kai albashin da ake nema ba, sai cikakken aiki. Batun yara a wannan biza an ƙuntata shi tun Maris 2024, da 'yan keɓance-keɓance, kada ki sa hannu sai lauya ya nuna miki inda yaranki uku suka faɗa. Akwai kuma neman zama bisa dalilin iyali da jin ƙai, wanda ba shi da tabbas, ba zan ruɗe ki ba. Kowanne kika zaɓa, a shigar kafin wa'adi ya ƙare, domin hakan ne ke riƙe miki halaccin zama har a yanke hukunci. In kuma daga baya kika ga gida ya fi, komawa ba abin kunya ba ne. Amma ki koma da ƙafarki da kuɗinki a jaka.

Dangi fa? A nan ina bayanki. Mutumin da ake ba maganin rage zafi dare da rana, da nas mai zuwa har gida ba ko sisi, a ɗauke shi a kai ƙauye? Wa zai sayi maganin? Wa zai samo shi ma? Addu'a ba ta buƙatar tikitin jirgi. Sannan fita fiye da kwana 180 cikin wata 12 na karya lissafin shekara biyar ɗin. Maganar gawa kuma, ana yi, sai an sanar da jami'in binciken mutuwa, a yi wa gawa magani, a samu akwati na musamman, kuɗi dubban fam. Ki ce wa yayan mijinki, cikin ladabi, nawa zai kawo? Sau da yawa nan murya ke sauka. Ki kuma tuna masa cewa waɗanda suka kawo mana bisharar ba a mayar da su ba. Walter Gowans a Girku ya rasu, Thomas Kent a Bida, duka a 1894, suna samari, ƙasar nan ta rufe su. Ibrahim ma filin kabari ya saya ya binne Saratu a inda yake baƙo. 'Yan'uwanmu Musulmi da kuka tashi tare, inda mutum ya cika nan ake sa shi a makwancinsa, ba wanda ya ce an wulaƙanta shi.

Sai dai mahaifiyarsa, in tana raye, kada ki haɗa ta da masu ba da oda. Ita ɗanta take so ta gani. Da a kashe kuɗi a kai mata akwati, gara a nemi wasiƙar likita a gwada samo mata bizar ziyara ta zo ta riƙe hannunsa.

Wannan rigimar kuma ba taki ba ce ki yanke. Fasto yana da rai, yana da baki. Ki zaɓi ranar da zafin ya lafa, ki kira dattijo ɗaya na ikilisiya, a buga wa yayansa bidiyo, shi ya faɗi inda yake so a yi jinyarsa da inda za a binne shi. Abin da ya fito daga bakinsa a gaban shaida ba za a ce ke kika ƙulla ba. A ranar ya rubuta wasiyya, shaidu biyu waɗanda ba su da rabo a ciki, a ambaci gida ko gonar da ke Najeriya, don kin san yadda ake yi wa gwauruwa. Asusun banki mai sunansa shi kaɗai ana rufe shi da zarar an sanar da rasuwa, ki tabbata kuɗin cefane na inda za ki iya taɓawa. Bizarku yanzu ta intanet ce, in da imel ɗinsa da wayarsa aka buɗe asusun, ku mayar da naki da na yara kan lambarki.

Dattawan da kike jin kunya kuwa, su suka sa hannu suka ɗauko ku. Ki same su bayan sujadar Lahadin nan, ki tafi da shugabar zumuntar mata in bakinki zai yi nauyi. Ki tambaye su har yaushe za su ci gaba da biyan Fasto, wata nawa za ki zauna a gidan ikilisiya bayansa, kuma ko za su ɗauki kuɗin lauya. Abin da suka amsa, ki roƙa su ba ki a rubuce.