Tambaya da Amsa: Shin In Koma Garin Bakin Kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi kwana huɗu a wani ƙaramin gari da ke bakin kogi, kuma tun da na dawo hankalina yake can, har na fara tunanin sayen gida a garin idan na yi ritaya. Uwargidana ta ce daɗin baƙunta ne yake ɗibata. Mene ne yake jan mutane zuwa irin waɗannan garuruwa, kuma abin da baƙo ya gani shi ne mazauni yake gani?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Kada ka yi saurin ture maganar uwargida, ko da yake abin da ya burge ka ɗin ma gaskiya ne.

Yawancin irin waɗannan garuruwa sun kafu ne a mashigi ko a mahaɗar koguna, a zamanin da jirgin ruwa ya fi komai sauƙin ɗaukar kaya masu nauyi. Fatauci ya kawo musu arziki, suka yi gine-gine na gani na faɗa, sannan jirgin ƙasa da kwalta suka karkatar da cinikin zuwa wasu wurare. Da kuɗi suka janye, sai aka rasa mai rushe tsofaffin gidaje ya gina sababbi, saboda haka kyan da baƙo yake yabawa a yau, sau da yawa, koma bayan da garin ya samu ne ya adana masa shi. Dubi Bacharach da sauran ƙananan garuruwan kogin Rhine a Jamus, tsakanin Bingen da Koblenz, yankin da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka cikin kayan tarihin duniya a 2002, ko Luang Prabang da ke gaɓar Mekong a Laos, wanda ya shiga jerin tun 1995. Ga kuma ruwan kansa: iskar da ke tasowa daga kansa da yamma, da masunci zaune a gindin bishiya yana ɗinke ragarsa, da gari wanda za ka iya ratsa shi da ƙafa kana gaisawa da kowa. Wanda ya fito daga hayaniyar birni dole ne wannan ya kwantar masa da rai.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da garin yake zaune a kanta, kogin ne ya gina ta da lakar da ya yi ta zubarwa duk lokacin da ya cika ya batse, kuma bai yafe ta ba, aro ya bayar. A Yulin 2021 kogin Ahr na Jamus, wanda ƙarami ne ƙwarai, ya yi ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 130. Garin Valmeyer na jihar Illinois a Amurka kuwa, bayan ambaliyar kogin Mississippi ta 1993, tashi ya yi ɗungurungum ya koma kan tudu. Idan masana suka ce maka wuri yana fuskantar ambaliyar shekara ɗari, kada ka ɗauka sai jikokinka ne za su gan ta, domin abin nufi shi ne a kowace shekara yiwuwar aukuwarta kashi 1 ce cikin 100, wanda a zaman shekara 30 yake haurawa zuwa kusan kashi 26. Akwai kuma laima mai cin bango, da sauro, da nisan babban asibiti, wanda mai shirin ritaya bai kamata ya raina ba.

A ganina, ka kama haya tukuna, ka zauna shekara guda cur, yadda za ka ga kogin a lokacin da ya ƙafe da lokacin da ya kawo. Idan ka je duba gida, ka durƙusa ka kalli gindin bango: layin da launi ya sauya, ko farin gishiri-gishiri da ke fitowa jikin shafe, ko sabon fenti da aka yi wa ƙasan bango kaɗai, duk suna gaya maka inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ka lura da inda gidan yake a kwanar kogin, domin gaɓar waje ita ruwa yake zaizaya, ta ciki kuwa yashi yake tara mata. Ka tambayi dattawan garin ina ruwa ya tsaya a ambaliya mafi girma da suka sani, ka bincika ko akwai madatsar ruwa a sama da yadda ake sanar da jama'a kafin a saki ruwanta, sannan ka ƙirga hanyoyin fita daga garin idan gada ta nutse. Kuma a tafiya ta gaba ka je da uwargida, ta duba bangon da idonta.