Tambaya da Amsa: "Made of" ko "Made from"?

Tambaya: Malam, ina yawan rikicewa idan zan faɗi asalin abu da Turanci. Yaushe ake cewa "made of", yaushe kuma ake cewa "made from"? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, rikicewar ba laifinki ba ce, domin a Hausa "da" kaɗai ta ishe mu. Ki duba ko abin da aka yi aikin da shi yana nan da kamanninsa. Teburin katako ana ganin katakonsa, ana taɓa shi, don haka "the table is made of wood". Takarda kuwa daga itace take, amma an niƙa shi an sarrafa har ba a gane shi, sai a ce "paper is made from wood".