Tambaya da Amsa: Idan na'ura ta yanke mini hukunci, wa zan kai wa ƙara?

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa, arewacin Kamaru:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan waya. Kwanakin baya na nemi rance ta wata manhaja, sai ta buƙaci hoton katin ɗan ƙasata da hoton fuskata da izinin duba lambobin da ke cikin wayata. Na ba ta duka, amma nan take ta ce ban cancanta ba, ba tare da faɗin dalili ba. Ina jin ana maganar haƙƙin masu amfani da intanet da dokokin ƙirƙirarriyar basira a rediyo. Shin wannan magana ta shafe mu, mu da ko wutar lantarki ba ta zama? Kuma ina bayanan nawa suka tafi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganar ta shafe ka, domin abin da ya same ka shi ne ainihin abin da ake muhawara a kansa. Mai yiwuwa babu ɗan Adam ɗin da ya karanta buƙatarka. Yawancin irin waɗannan manhajoji suna aiki ne da tsarin lissafi wanda aka horar da bayanan waɗanda suka ci bashi a baya, sai ya duba abubuwa kamar irin wayarka da yawan kuɗin da ke shiga da fita a asusunka na waya da saƙonnin da ke ciki, ya ba ka maki, makin kuma shi ne ke cewa a ba ka ko a hana ka. Ɗan kasuwar arewa, wanda yawancin cinikinsa na tsabar kuɗi ne, wanda yake zubin adashi, yake karɓar kaya a hannun ubangidansa bisa amana yana biya idan ya sayar, ba ya barin sawun da na'urar za ta gani. Shekarun da ya yi yana cika alkawari ba su cikin lissafinta, rashin sawun kuma sai ta ɗauke shi a matsayin alamar haɗari. Idan ubangidanka ya hana ka kaya, kana iya zuwa da dattijo a zauna a ji dalili. Ita manhaja ba ta da zauren da ake sallama a cikinsa, kuma duk ƙoƙarin da ake yi na tsara dokokin wannan fasaha, tushensa shi ne a samar da wanda za a tambaya, a kuma tilasta masa ya amsa.

Kada ka ɗauka cewa na'ura ba ta kuskure don lissafi take yi. A shekarar 2018 masu bincike Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada wasu manhajojin manyan kamfanoni masu duba fuska su faɗi ko namiji ne ko mace, suka tarar cewa kuskurensu a kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7 cikin ɗari, alhali a kan maza fararen fata bai wuce kashi 0.8 ba. Dalilin shi ne hotunan da aka horar da na'urorin da su ba su ƙunshi fuskoki irin namu da yawa ba. Hoton fuskar da ka aika yana iya bi ta irin wannan gwaji.

Game da bayananka, doka ta ba ka haƙƙi a kansu. Shekara da shekaru abin da Kamaru ta dogara da shi shi ne dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010, wadda ta fi mayar da hankali kan hukunta masu laifi, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ANTIC, kuma ke kula da wannan ɓangare. A ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2024/017 ta kare bayanan mutum, wadda ta bai wa kamfanoni da ma'aikatu wata 18 su daidaita ayyukansu da ita. Dokar ta ce sai da amincewarka za a tattara bayananka, sai dai a wasu halaye da ta ware, kuma kana da ikon sanin abin da aka riƙe game da kai, da neman a gyara, da neman a goge. Ta kuma tanadi kafa hukuma ta musamman mai karɓar ƙorafi da ladabtar da masu saɓawa. 'Yan'uwanmu na Cadi sun riga mu, domin tasu dokar ta fito tun 2015, kuma hukumar ANSICE aka ɗora wa alhakin aiwatar da ita. A matakin nahiya akwai yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanai, wadda aka amince da ita a 2014 amma ba ta fara aiki ba sai a Yunin 2023, bayan ƙasa ta 15 ta tabbatar da ita. Shekara tara ke nan aka yi ana jira, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin da gwamnatocinmu suka ba batun.

Sai dai zan faɗa maka gaskiya game da raunin da ke cikin kalmar amincewa. Sharuɗɗan da ka danna ka karɓa an rubuta su ne da Faransanci ko Turanci na lauyoyi, shafi bayan shafi, a kan ƙaramin allon waya, ga mutumin da ke cikin matsin kuɗi. A ganina wannan bai kai a kira shi yarda ba, kuma ya kamata hukumar da za ta kula da dokar ta ɗauki harshe a matsayin sharaɗi, ta yadda a Garwa da Marwa da Ngaundere za a riƙa bayyana wa mutum abin da zai bayar da Fulatanci ko Hausa, da murya idan ba ya karatun boko. Rauni na biyu shi ne da yawa daga cikin masu waɗannan manhajoji ba su da ofis a ƙasar, kwamfutocin da ke ajiye bayanan kuma suna wata nahiya.

Duk da haka maƙwabta sun nuna cewa ana iya taka musu birki. A Najeriya masu manhajojin rance sun daɗe suna amfani da lambobin da suka kwasa daga wayar mutum suna aika wa surukai da abokan ciniki saƙon cewa wane ɓarawo ne ko mayaudari, don kawai ya makara da biya, har sai da koke-koke suka yi yawa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga, ta kai samame, ta kuma wajabta musu rajista. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store duba lambobi da hotunan mutane. Saboda haka manhajar da ta nemi lambobinka, ko dai tana saɓa wannan ƙa'ida, ko kuwa ta shigo wayarka ta wata hanya, kamar saƙon da ake turowa a WhatsApp. A Kenya kuma, lokacin da kamfanin Worldcoin ya riƙa ɗaukar hoton ƙwayar idon mutane yana ba su kuɗin kirifto, wato kuɗin da ake hada-hadarsa a intanet, a madadi, dubban matasa suka yi layi a Nairobi, gwamnati ta dakatar da aikin a Agustan 2023, daga baya kotu ta ba da umarnin goge bayanan a 2025. Hakan ya yiwu ne saboda ƙasar tana da dokar kare bayanai tun 2019, tana da hukuma mai aiki, kuma akwai ƙungiyoyin da suka shigar da ƙara.

Wannan batu na zanen yatsu da fuska da ƙwayar ido shi ya fi damuna a yankinmu. Idan aka sace lambar sirrinka, sai ka canza wata kafin faɗuwar rana, amma yatsunka da fuskarka su ne naka har ƙarshen rayuwa. Yau ana ɗaukar irin waɗannan bayanai wajen katin ɗan ƙasa da fasfo da rajistar zaɓe, ana kuma ɗaukar su a sansanonin 'yan gudun hijira irin na Minawawo kusa da Mokolo, inda dubban waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga Najeriya suke zaune. Rajistar tana da amfani, domin tana hana wani ya karɓi rabon wani, amma macen da ta tsere da 'ya'yanta, wadda abincinsu ya rataya a kan ta ɗora yatsa a kan na'ura, ba ta da zaɓin cewa a'a. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya da aka tattara a Bangaladesh sun isa hannun gwamnatin Myanmar, wato ƙasar da suka gudo daga cikinta, ba tare da da yawansu sun fahimci hakan zai faru ba. Duk inda ake tattara bayanan marasa ƙarfi, wajibi ne a san wanda ke riƙe da su, da wanda za a iya ba shi, da lokacin da za a goge su.

Ita ƙirƙirarriyar basira kanta, takardun da suka shafe mu kai tsaye yawancinsu shawarwari ne. Ƙasashe 193 na UNESCO sun amince da ƙa'idojin ɗa'a na wannan fasaha a Nuwamban 2021, Tarayyar Afirka kuma ta amince da tsarin nahiya a birnin Akara a Yulin 2024, amma babu ɗaya daga cikinsu da za ka iya ɗauka ka je kotu da shi. Tarayyar Turai ce ta yi doka mai haƙori, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Agusta 2024. Ta kasa amfani da fasahar gwargwadon haɗarinsa, ta haramta wasu gaba ɗaya, ta kuma sanya auna cancantar mutum ga bashi cikin masu babban haɗari, waɗanda dole a tantance bayanan da aka horar da su, a ajiye tarihin aikinsu, a kuma sa ɗan Adam ya riƙa sa ido. Turawa ba su kai ga wannan ba sai da suka ji jiki. A Holan hukumar haraji ta yi amfani da tsarin lissafi wajen farautar masu zamba a tallafin kula da yara, aka zargi dubban iyalai bisa kuskure, da yawansu masu asali daga wasu ƙasashe, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ya jefa su cikin talauci, har gwamnatin Firayim Minista Mark Rutte ta yi murabus a Janairun 2021. Idan haka ta faru a ƙasa mai kotuna da jaridu masu ƙarfi, babu dalilin da zai sa mu zaci cewa mu za mu tsira.

Ba na ganin dacewar a kwafo dokar Turai baki ɗaya, domin tana buƙatar ɗimbin ƙwararru da kuɗin da hukumominmu ba su da shi, kuma tana iya danne matasanmu masu ƙirƙira a Yawunde da Buya da Injamena tun ba su tashi ba. Abin da nake ganin ya zama tilas shi ne duk hukuncin da ya taɓa abincin mutum ko 'yancinsa, kamar bashi da tallafi da ɗaukar aiki da zargin laifi, a gaya masa cewa na'ura ce ta yanke, a ba shi dalili cikin harshen da yake ji, a kuma buɗe masa ƙofar neman ɗan Adam ya sake dubawa. Wannan ya kamata ya hau kan gwamnati kafin kowa, tunda ita ce mafi girman mai tattara bayanai kuma mai sayen irin waɗannan na'urori daga waje.

Masu fafutukar da kake ji a rediyo sun yi fice ne a lokacin toshe intanet. Daga Janairu zuwa Afrilun 2017 an katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru har sama da wata uku, a Cadi kuma an toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, kusan wata 16. Ƙungiyoyi irin su Internet Sans Frontières, wadda Julie Owono 'yar Kamaru ke jagoranta, da Paradigm Initiative da Access Now da CIPESA su suka riƙa tattara shaida suna kai ƙorafi. A Afirka ta Yamma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa toshe intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa doka, amma Kamaru da Cadi ba sa cikin wannan ƙungiya, don haka nauyin ya fi sauka a kan kotunanmu na cikin gida da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka. Abin da ya rage wa waɗannan ƙungiyoyi shi ne yawancin tarukansu a manyan birane ake yi da harshen nasara, muryar ɗan kasuwar arewa ba ta cika isa can ba.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara. Ka shiga saitin wayarka ka janye duk izinin da ka bai wa manhajar, ka ɗauki hoton sunanta da sunan kamfanin da adireshin da suka rubuta da saƙon da suka ƙi ka da shi, sannan ka cire ta. Ka aika musu da rubutaccen saƙo, kana ambaton doka mai lamba 2024/017, kana neman su gaya maka abin da suka riƙe, su kuma goge shi, ka ajiye kwafi da kwanan wata. Ka sanar da iyalinka da abokan cinikinka cewa kada su kula duk wanda ya kira su da sunanka yana neman kuɗi, tunda lambobinsu sun fita. Idan ka ga an buɗe layi ko asusu da katinka, ko aka fara yi maka barazana, ka kai rahoto ga 'yan sanda ko jandarmomi da kuma ANTIC. Nan gaba, kafin ka miƙa wa mai ba da rance takardunka, ka tambayi lasisinsa, domin a ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru ke ciki, hukumar COBAC ce ke sa ido kan bankuna da ƙananan cibiyoyin kuɗi. Kuma da wuya a ce kai kaɗai wannan ya sama a kasuwarku, saboda haka ka kai maganar ga shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa, a tattara sunayen waɗanda abin ya shafa da shaidunsu, a rubuta ƙorafi guda a kai wa hukuma, a kuma aika kwafinsa ga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da na ambata.