Gudawar Baba ta ƙi tsayawa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ɗan shekara 74 ya shiga mako na biyar yana gudawa. Babu jini, amma bayan gidan mai maiƙo ne, ga wari, ga kumburin ciki. Ya rame har wandonsa na zamewa. Sau biyu muna ba shi maganin tsutsa, shiru. Kullum yana shan omeprazole saboda gyambon ciki. Me ya rage mu yi?

Amsa: Sannu da jinya 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Da jin bayaninki zuciyata ta tafi kan giardiya, wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, wadda ke shiga ta gurɓataccen ruwa ko hannun da ba a wanke ba. Tana manne wa ƙaramin hanji ta hana shi tsotse mai, shi ya sa bayan gidan ke maiƙo, mutum na ci yana ramewa. Ba tsutsa ba ce, don haka ƙwaya ɗaya ta maganin tsutsa ba ta isa. Akan ba da metronidazole ko tinidazole, amma bayan gwaji. Omeprazole ɗin nan kuwa yana rage ruwan tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyin cuta. Kada ku dakatar masa da kanku, ku dai faɗa wa likitansa.

Ku kai bayan gidansa ɗakin gwaji sau 3, a ranaku daban-daban. Nan ake yawan yin kuskure: a gwada sau ɗaya, a ce ba komai, a koma gida, alhali ƙwayar ba kullum take fitowa ba. A duba har da amiba mai sa atini, da tsutsar Strongyloides, wadda kan yi shekaru gommai a jikin mutum shiru, sai ranar da aka ba shi magani mai rage ƙarfin garkuwar jiki irin prednisolone ta bazu.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ruwan jikinsa ne. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, kada ki jira ya nema. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS kurɓi-kurɓi. In fitsari ya ragu, harshe ya bushe, ko ya fara rikicewar magana, asibiti a ranar, domin ƙoda ce ke cikin haɗari.

In kuma gwaji ya fita ba a ga komai ba, a nemi leƙa hanjinsa da na'ura. A shekarunsa, gudawar da ta wuce mako 4 tare da rama, dole a tabbatar ba ciwon daji ba ne.