Tambaya da Amsa: Aikin Likitan Sa Barci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sakandare, kuma ina son zama likitar da ke sa majinyaci barci a ɗakin tiyata. Wace hanya zan bi, mene ne kuma ainihin aikin?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Sai kin yi karatun likitanci na shekara 6, da shekara 1 ta sanin makamar aiki, da bautar ƙasa. Daga nan ki nemi horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya, wanda kan ci shekara 5 zuwa 6.

Aikin ya wuce allurar barci nesa ba kusa ba. Kafin tiyata ke za ki tabbatar majinyaci bai ci abinci ba na awa 6, bai sha ruwa ba na awa 2, domin idan ya yi amai cikin barci, abincin kan faɗa huhu. Idan ya yi barci, ki zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro, idonki na kan na'urar da ke maƙale a yatsansa tana nuna iskar da ke jininsa.

A tiyatar haihuwa kuwa, galibi allura ake yi a ƙasan gadon baya, ƙafafu su mutu na ɗan lokaci, uwa tana ido biyu. Maganin yakan buɗe jijiyoyin jini, jininta ya sauka nan take, don haka ƙarin ruwa da maganin ɗaga jini su kasance a hannunki tun kafin ki soka allurar. Ƙwararru a wannan fanni sun yi ƙaranci a asibitocinmu, muna matuƙar buƙatar irinki.